Lissafin jifa: ina dutse zai faɗi?

Darasinmu na yau a kan jifa ne.

In hatsi ya kusa nuna a Madawa, Buza da Keita, yara ne ke tsaron gonaki da majajjawa. Dutsen wani ya isa wurin tsuntsaye, na wani ya faɗi a hanya, tsuntsaye su yi ta ɓarna. Abin yana da lissafi. Wani masani na ƙasar Italiya, Galileyo, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1638.

Ga asirin. Dutsen da anka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda: yana gaba, yana kuma faɗuwa. Kowace da lissafinta, kada a gama su.

Mu fara da faɗuwa. Ƙasa na jawo dutse, saurinsa na ƙaruwa. Cikin sakan 1 yana faɗuwa wajen metir 5. Cikin sakan 2, metir 20. Cikin sakan 3, metir 45. Wato sakan sau sakan, sau 5.

Tafiyar gaba kuwa saurinta bai canzawa, in ba iska ta tare shi ba.

Ga misali. Yaro yana bisa gaɓar tsauni kusa da Buza, tsawonta metir 20. Ya jefa dutse gabansa sak, bai ɗaga hannu sama ba, da saurin metir 15 kowane sakan. Tambaya ta farko kullum ita ce: sakan nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa? Metir 20, sakan 2 ke nan. Sannan 15 sau 2, metir 30. Nan dutsen zai faɗi. Da sakinsa kawai ya yi daga hannu, sakan 2 ɗin nan dai zai yi.

A fili kuwa, kamar gona, jifar da ta fi nisa ita ce ta tsakiya, tsakanin sama sak da gaba sak. In an ninka sauri sau 2, nisa ya ninka sau 4. Saboda haka mai majajjawa ya duba bayan gonar tukuna, ko akwai mutum ko dabba.

Ga aikinku: gaɓa metir 45, sauri metir 10 kowane sakan. Ina dutse zai faɗi? Ku rubuta amsa, ku kai wa malaminku na yaƙi da jahilci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.