Bole, abokin iccen pin

Da damina, bayan an yi ruwa mai yawa, naman kaza yana fitowa a jikin suri da ƙarƙashin itatuwa. Wasu suna kiransa laimar kwaɗi. Irinsa yana da yawa a duniya. Akwai wani iri a ƙasashen sanyi na Turai da Asiya wanda Faransawa suke kira bole. Dangin bole ma suna da yawa, amma wanda ya fi ban mamaki shi ne bole mai yauƙi. Ba ya fitowa ko'ina sai inda iccen pin yake.

Pin dogon icce ne, miƙaƙƙe. Ganyensa siriri ne kamar allura, kuma icce ba ya zama tsirara ko a tsakiyar sanyi. Da katakonsa ake yin tebur da ƙofa da takarda. Ba ya cikin itatuwan dajin Nijar, saboda haka bole mai yauƙi ma babu shi a nan.

Hular bole launin makuba gare ta. Faɗinta yakan kai santimita 10. Idan an yi ruwa, sai ta yi yauƙi kamar an shafa mata miyar kuɓewa, busassun ganyaye suna mannewa a kanta. Idan aka juya laimar kwaɗi ta nan gida, ana ganin layi-layi a ƙarƙashinta kamar shafin littafi. Bole ba haka yake ba. Ƙarƙashin hularsa kamar soso ne, ruwan ɗorawa, cike da ƙananan ramuka. Daga cikin ramukan nan wata ƙura mai laushi take zubowa, iska ta kwashe ta. Ƙurar nan ita ce irinsa. A ƙafarsa kuma akwai wani zobe. Saura ne na farin mayafin da ya rufe soson tun bole yana ƙarami. A shekarar 1753 wani masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, mai suna Line, ya rubuta kamanninsa cikin littafi, ya ba shi suna da Latin.

Abin da ake gani a bisa ƙasa ba shi ne dukan bole ba. Wannan kamar ɗan icce ne kawai. Ainihin jikinsa yana cikin ƙasa: fararen zaruruwa ne masu yawa, sun fi saƙar gizo sirantaka. Zaruruwan suna nannaɗe ƙananan saiwoyin pin, suna yi musu riga. Daga nan su bazu cikin ƙasa, su shiga wuraren da saiwa ba ta iya shiga. Suna tsotso ruwa da gishirin ƙasa, kamar fosfor, su ba icce. Shi kuwa icce yana da koren ganye. Da hasken rana yake yin sukari, ya saukar da wani kashi zuwa saiwa, bole ya ci. Bole ba shi da koren ganye, ba ya iya yin abincin kansa. Zamansu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Shi ya sa ba a iya noman bole cikin fangali kamar salati. Sai an dasa iccen tukuna.

An daɗe ba a gane wannan ba. A tsibirin Porto Riko, kusa da Amurka, ma'aikatan daji sun yi shekaru da yawa suna shuka pin. Irin ya tsira, ya yi ɗan tsawo, sai ganyen ya koɗe, ya mutu. Suka ba shi ruwa, suka ba shi taki, a banza. A shekarar 1955 aka ɗebo ƙasa daga wani dajin pin na Amurka, aka zuba a gindin wasu ƴan dashe. Waɗanda suka sami ƙasar suka yi kore, suka tashi. Sauran suka ci gaba da mutuwa. Ashe zaruruwan naman kaza ne a cikin ƙasar, su ne abin da iccen ya rasa.

Ta haka bole mai yauƙi ya zagaya duniya. Duk inda mutane suka kai dashen pin da ƙasarsa, ya bi su: Afirka ta Kudu, Ostiraliya, Amurka ta Kudu. A ƙasar Ekwado akwai wani ƙauye mai suna Salinas, a bisa duwatsun Andes, wajen mita 3500 sama da teku. An dasa pin a can don a sami katako. Ba a jima ba bole ya cika gindin itatuwan. Mutanen ƙauyen ba su saba cinsa ba, amma suka ji ana sayensa. Suka shiga tsinta, suna yayyankawa, suna busarwa, suna sayarwa ta hannun ƙungiyarsu har Turai. Aikin yana son haƙuri, don yawancin jikin bole ruwa ne. Kilo 10 na ɗanye ba ya ba da fiye da kilo 1 na busasshe.

Mai tsinta tilas ya san abin da yake ɗauka. Cikin naman kaza akwai mai dafin da yake lalata hanta, ya kashe mutum, kuma dafuwa ba ta kashe dafin. Har cikin dangin bole akwai masu sa amai da ciwon ciki. Shi ya sa a Faransa wanda ya yi shakka yakan kai kwandonsa wurin mai sayar da magani, ya duba masa.

A Turai an fi samun bole mai yauƙi a watannin Satumba da Oktoba. Ana neman ƙanana, don tsofaffi tsutsa takan riga mutum. Kafin a dafa, sai a kama bakin hular da wuƙa, a ɓare fatar nan mai yauƙi, don tana sa wasu mutane zawo. Sa'an nan a soya shi da albasa, ko a sa shi cikin miya. Mutanen Rasha suna sonsa ƙwarai. Sunan da suke kiransa daga kalmar man shanu ya fito, saboda santsin hularsa. Suna dafa shi, su zuba cikin kwalba da gishiri da ruwan tsami, su ajiye don lokacin da ƙanƙara za ta rufe daji.