Hayaƙin kasko da ɗan da ke ciki

Hunturun bara na kwana a Lolo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, daf da iyakar Benin. Da asuba na iske uwargidan mai masaukina, mai cikin wata biyu, tana fama da ciwon kai da jiri. Ashe da kaskon gawayi ta kwana a ɗaki rufe.

Abin da ta shaƙa shi ne kabon monoksaid. Abin mamaki, jikinmu da kansa yana samar da wannan iska kaɗan-kaɗan, tare da naitirik oksaid da haidurojin salfaid. Su ne 'yan aiken da ke umartar jijiyoyin jini su buɗe, domin mahaifa da mabiyiya su wadata da jini tun farkon ciki. Gano aikin naitirik oksaid ne ya kai masana uku ga kyautar Nobel a 1998.

Sai dai gishiri in ya yi yawa, miya ta ɓaci. Wannan iska tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200, jinin ɗan tayi kuwa ya fi na uwarsa daɗewa da ita.

Roƙona ga magidanta: a fitar da kasko kafin barci, a nisanta janareta da taga.