Katin gaisuwa: kwamfuta ta zana, hannu ya ƙarasa

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta kai ko'ina. Ma'aikacin da aka ɗauke daga Tawa aka kai Difa, da ɗan kasuwar Maraɗi mai abokan ciniki a Kano da Kwatano da Dubai, ba su iya taka ƙofar kowa ranar Salla ko ranar shiga sabuwar shekara. Shi ya sa takarda ta daɗe tana zama ɗan aike: katin barka da Salla, katin fatan alheri na watan Janairu, katin ɗaurin aure da na suna mai jerin sunayen dangi gari-gari.

Yau wayar hannu ta karɓe rabin wannan aiki. Hoto guda na barka da Salla yakan zagaya gidaje ɗari a WhatsApp kafin a sauko daga Idi, ba tare da an kashe ko dala ba. Abin da ya zo a banza kuwa, a banza yake tafiya: kafin la'asar an goge shi. Katin da ya rage yana da daraja shi ne wanda mai karɓa zai juya a hannunsa, ya ga an ɓata lokaci dominsa. A nan ne sana'a take ga masu shagunan buga takardu da masu aikin hannu, in sun yarda su haɗa kai.

Inji da hannu tun farko

Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito a Landan a 1843. Wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Henry Cole ne ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa shi don bikin Kirsimeti. An buga guda 1000 da inji, sa'an nan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sa musu launi da hannu. Ke nan tun a wancan lokaci, inji da hannu tare suke yin wannan sana'a. A 1949 kuma hukumar UNICEF ta fitar da katinta na farko, da zanen wata yarinya ƴar ƙasar Cekoslobakiya, daga baya sayar da kati ya zama wata hanyar samun kuɗin taimakon yara.

A Nijar al'adar aika katin sabuwar shekara ta shigo ne ta ma'aikatu, gadon tsarin mulkin Faransa. Akasarin katunan daga waje suke zuwa, da hoton dusar ƙanƙara da itatuwan da ba su tsiro a Sahel. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga can kuɗinsa ya ninka. A shekarun da suka biyo baya kwamfuta ta bazu a shagunan fotokofi da buga takardu, aikin da a da sai babbar maɗaba'a ya dawo kan tebur ɗaya.

Zaɓen manhaja

Manhaja ita ce tsarin aikin da ake sa wa kwamfuta ko waya. Na zane iri biyu ne. Akwai masu aiki da hoto, wanda ƙananan ɗigogi ne aka jera, irin su Photoshop da ta fito a 1990, da GIMP. Irin wannan hoto in an ja shi ya wuce girmansa, sai ya dushe. Akwai kuma masu zana layi da lissafi, irin su Illustrator ta 1987, da CorelDRAW da wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, da Inkscape ta 2003. Zanen da aka yi da waɗannan, ko a kan tambarin wasiƙa ko a kan allon talla, kaifinsa ɗaya. Su suka fi dacewa da rubutu da adon gefe da tambarin kamfani.

Maganar kuɗi ma abin dubawa ce. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop da Illustrator, ya koma ba da hayar manhajojinsa, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. GIMP da Inkscape da Scribus kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da amfani inda layi ke yankewa. Masu amfani da Publisher kuwa su sani kamfanin Microsoft ya sanar zai daina kula da ita a watan Oktoba na 2026, saboda haka ajiye tsofaffin ayyuka a sigar PDF dabara ce.

Canva, wadda ta fito daga Ostareliya a 2013, ta sauƙaƙa abin ƙwarai, don ko da waya ana aiki da ita, kuma tana cike da samfurori shiryayyu. Sai dai sauƙin nan yana da tarko. Samfurin da mai shago a Damagaram ya zaɓa, shi ne na Yamai ya zaɓa, shi ne na Abijan ya zaɓa. Araha ba ta ado. Wanda ke son a biya shi fiye da kuɗin takarda, sai ya kawo abin da babu a cikin samfurin.

Awo kafin ado

Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da furanni kafin ya san girman takarda. Takardar A4 da ake amfani da ita a ma'aikatu tana da milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. In an raba ta biyu a sami A5 guda biyu, in an ninke kowace a sami kati mai girman A6, wato milimita 105 da 148, wanda ke shiga ambulan mai lamba C6, mai milimita 114 da 162. Ke nan takarda 100 na ba da kati 200. Idan an shimfiɗa katin a fuskar kwamfuta, bangon gaba yana dama, na baya yana hagu. Wanda ya juya su zai ga katinsa na buɗewa ta baya, sai fa in da ajami ko Larabci aka rubuta shi, a nan juyin shi ne daidai.

In launi zai kai har bakin kati, ana ƙara masa milimita 3 a kowane gefe, don kada farin layi ya bayyana bayan yanka. Hoto kuma yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci: fuskar A6 tana cin ɗigo 1240 a faɗi, 1748 a tsawo. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi ya rasa ƙarfi. Gara a turo shi a matsayin fayil.

Launin da ido ke gani a fuskar kwamfuta haske ne, daga ja da kore da shuɗi. Na takarda tawada ce kala huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ya sa koren da ke ƙyalli a kwamfuta yakan fito a mace. Maganin abin shi ne a buga guda ɗaya na gwaji, a duba shi a hasken rana, mai kaya ya gani ya yarda, kafin a saki ɗari biyu.

Takardar ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ba ta tsayawa da kanta. Kati yana son giram 200 zuwa 300, amma ba kowane ƙaramin injin bugawa ke jan mai kauri haka ba, sai a duba littafinsa. Injin tawadar ruwa yana fitar da hoto da kyau, sai dai danshi na iya ɓata bugun, kuma in ya daɗe a ajiye cikin zafi da ƙurar hunturu bakinsa yakan toshe. Injin garin tawada ya fi jure ruwa, amma bugunsa yakan tsage a wurin ninki.

Haruffa huɗu masu lanƙwasa

Akwai wata matsala da ta shafi Hausa kai tsaye. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar a Nijar, babu su a yawancin salon haruffan ado da ke cikin manhajojin nan. In an rubuta su, ko dai wani ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko harafin ya fito da wata kama dabam da ta ƴan'uwansa. Sai mai aiki ya gaji ya cire lanƙwasar. Ta haka ake samun katin da ke maraba da baki maimakon baƙi, ko mai addu'a ga kasa maimakon ƙasa.

Ba dole ba ne a yi haka. Salon haruffa irin su Charis SIL da Andika da Gentium, da Noto Sans da Noto Serif na kamfanin Google, duk suna ɗauke da haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, kuma kyauta ake samun su. Kafin a kai aiki wata maɗaba'a, a mai da rubutun ya zama zane, ko a ajiye shi a PDF tare da haruffansa, don kada kwamfutar can ta musanya su. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, katin ma'aikata ko na kamfani da ya fito da Hausa gurguwa abin kunya ne ga mai shi.

Rabon hannu

In inji ya gama nasa, saura babban aikin. Ana yanka da reza mai kaifi da rula ta ƙarfe. Kafin ninki ana jan layi da abu marar kaifi, kamar bayan wuƙa, don takardar ta karye daidai ba tare da ta fashe ba. Akwai ƙananan injunan yanka irin su Cricut da Silhouette, masu bin layin da aka zana a kwamfuta su fitar da ado mai huda-huda, amma mai haƙuri da tsayayyen hannu zai fara ba tare da su ba.

Kayan ado kuwa ba sai an je nesa ba. Fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce a duniya wajen laushi da ƙarko, kuma guntayen da ke zuba a rumfar dukawan Damagaram sun isa su ƙawata katuna da dama. Haka ƙyallen da tela ke sharewa, da zaren surfani, da kaba rinanniya, da guntun saƙi. Zanen bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni, da dagi, da siffofin azurfar maƙeran Agadas, ana iya zana su da alƙalami, a ɗauki hotonsu, a gyara layinsu a Inkscape, a buga, sa'an nan a cika launin da hannu kamar yadda aka yi a 1843. Masu zayyanar allon sauka ma sun san sirrin daidaita layi da launi tun kafin zuwan kwamfuta. Gam na ruwa yana kumbura takarda in ya yi yawa, don haka kaɗan ake shafawa, a danne da abu mai nauyi har ya bushe.

Wuri ɗaya kuma ya kamata a bari fari: inda mai aikawa zai rubuta sunan mai karɓa da gaisuwarsa da hannunsa. Wannan layi shi ne abin da waya ba ta iya bayarwa.

Abu biyu suna son hattara. Na ɗaya, kati yakan ƙare a ƙasa ko a shara, saboda haka malamai da yawa ba su son a buga ayar Alƙur'ani a kansa. Addu'a da Hausa ta wadatar. Na biyu, hoton da aka gani a intanet yana da mai shi. Wanda ya ɗauka ya sayar ba da izini ba ya ci haƙƙin wani, kamar yadda shi ma ba zai so a kwafi nasa zanen ba. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda ake rajistar zane da samfuri.

Lissafin kasuwa

Masu saye sanannu ne: bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyi a ƙarshen shekara, iyalai lokacin aure da suna da sauka da dawowar alhazai, da baƙi masu neman tsaraba a wurare irin su cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Kasuwa ce mai lokaci. Katin Janairu a watan Nuwamba ake neman masu sayensa. Shekarar Musulunci kuwa ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, kuma Salla da ganin wata take, shi ya sa mai wayo ba ya buga kwanan wata a katin Salla: abin da ya yi kwantai bana, baɗi ya sayar.

Wajen yanke farashi, da yawa sukan ƙirga takarda da tawada su manta da wuta, da waɗanda suka lalace, da awoyin da hannu ya ɗauka. Wanda bai sa wa lokacinsa kuɗi ba, kyauta yake aiki bai sani ba. Ya kamata kuma a karɓi kafin alƙalami, mai kaya ya karanta sunaye ya sa hannu a kan gwaji, don sunan suruki da aka rubuta ba daidai ba yana iya mai da kati 300 shara.

Matashin da ya iya kwamfuta bai iya jima ba, baduku kuma bai san A6 ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In suka zauna rumfa ɗaya, ɗaya ya auna ya buga, ɗaya ya yanka ya ɗinka, kuɗin da ke fita sayen hoton ƙanƙara zai tsaya a gida. Saura ga ƴan kasuwa da shugabannin ma'aikatu, waɗanda su ke ba da aikin: kafin ƙarshen shekara, su tambayi inda aka yi katin da zai ɗauki sunansu.