Ruwan Shan Mai Juna Biyu: Yadda Za Ki Tabbatar Kulorin Ya Yi Aiki

Uwargida, ruwan da kike sha ke da ɗan da ke cikinki kuke sha. A Geza da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, irin su Illo da Lolo da Kaoje, gidaje da yawa suna ɗiban ruwa ne daga rijiya, ko rafi, ko Kogin Kwara. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a 2020, ruwan sama kan kwaso ƙazantar masai da ta dabbobi ya zuba cikin rijiyoyi. Mata da yawa sun san ana zuba maganin kulorin a ruwa. Abin da ya rage shi ne sanin ko maganin da aka zuba ya yi aiki ko bai yi ba.

Me ya sa aka fi damuwa da mai ciki?

Cututtuka biyu ne suka fi ba ma'aikatan lafiya tsoro. Ta farko ita ce amai da gudawa, wato kwalara. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Idan ruwan jikin mai ciki ya ƙare, jinin da ke zuwa mahaifa yana raguwa, sai a samu ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ɗa ya zo babu rai.

Ta biyu ita ce ciwon hanta nau'in E, wanda ke zuwa da shawara. Yawancin mutane suna warkewa da kansu, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mata masu ciki da suka kamu a watanni uku na ƙarshe, yana iya kashe har ɗaya cikin huɗu ko biyar. Haka aka gani a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, inda akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. Cututtukan nan biyu duk ta gurɓataccen ruwa suke shiga.

Yadda kulorin yake aiki

Ba sabon abu ba ne. Tun 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo. Idan ya shiga ruwa, sai ya afka wa duk abin da ya tarar: laka, ruɓaɓɓen ganye, tsatsa da ƙwayoyin cuta. A wannan aiki yake ƙarewa. Abin da ya saura bayan rabin awa shi ake kira ragowar kulorin, kuma shi ne shaida. Idan akwai ragowa, maganin ya fi ƙarfin dattin, kuma ragowar za ta ci gaba da gadin ruwan a cikin jarka. Idan babu, dattin ne ya cinye maganin, ruwan kuma bai zama abin amincewa ba.

Matakai huɗu a gida

Na farko, ki sa ruwan ya yi garau. Ki bar shi ya kwanta, ko ki kaɗa ɗan alimun kaɗan a ciki, sannan ki tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyalle. Alimun yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta.

Na biyu, ki auna. Akwai maganin ruwa-ruwa irin WaterGuard da ake aunawa da murfin kwalba, akwai kuma ƙwayoyi irin Aquatabs masu girma daban-daban. Ki san ko jarkarki mai lita 20 ce ko mai lita 25, ki bi abin da aka rubuta a jikin maganin. Wanda aka sayo daga kasuwannin Jamhuriyar Benin da Faransanci ake rubuta bayaninsa, kuma ƙarfinsa yana iya bambanta da wanda kika saba. Ki kai wa ma'aikacin lafiya ya karanta miki. Kada ki zuba bilicin wanki mai turare ko mai sabulu a ruwan sha.

Na uku, ki girgiza jarkar, ki rufe, ki jira minti 30 cur.

Na huɗu, ki buɗe ki sansana. Ana so ki ji ɗan warin maganin kaɗan. Idan babu ko alama, ki ƙara awo ɗaya, ki sake jira minti 30.

Abin da akwatin gwaji yake nunawa

Ma'aikatan tsabta suna da ɗan akwatin roba mai gida biyu. Asalinsa don tafkin ninƙaya na otal-otal aka yi shi, amma da shi ake duba rijiyoyi da jarkoki lokacin annoba. Ana cika shi da ruwan, a jefa ƙwaya mai suna DPD a gida ɗaya. Idan da kulorin, ruwan zai koma ruwan hoda, sai a gwada kalar da lambobin da ke jikin akwatin. Bayan minti 30 ana so a ga aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita. Bayan kwana ɗaya a ajiye, kada ya gaza 0.2. Idan ya haura 2, ɗanɗanon kan hana mutane sha, ko da yake iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce 5.

Gida na biyu yana auna ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, abin da masana ke kira pH. Kulorin ya fi kaifi idan lambar ba ta kai 8 ba. Kanwa da toka suna ɗaga ta. Saboda haka kada ki sa magani a mazubin da aka jiƙa kanwa, kuma ki ɗauraye jarka sosai bayan kin wanke ta da toka ko sabulu.

Idan sakamako ya rikice

Ruwan bai sauya kala ba? Galibi laka ce ta cinye maganin. Idan ba yadda za a yi ruwan ya yi garau, awo biyu ake zubawa maimakon ɗaya. Wani lokaci kuma maganin ne ya mutu, domin zafi da rana suna rage ƙarfin na kwalba. Ki duba ranar ƙarewarsa, ki ajiye shi a inuwa, nesa da yara.

Kala ta fito ta ɓace nan take, ga kuma wari mai ƙarfi? Wannan alamar maganin ya yi yawa ne ƙwarai, har ya kore kalar. Kada a ƙara. A surka da wani ruwan, a sake gwadawa.

Yau lafiya, gobe babu ragowa? Ki duba ajiya. Bokitin ƙarfe mai tsatsa yana cin maganin. Randa a buɗe da moɗar da kowa ke tsomawa da hannu suna mayar da cuta cikin ruwan da aka gyara. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi. Idan randa kike so don sanyi, ki rufe ta, ki ware mata ludayi mai dogon hannu, a riƙa rataye shi.

Laulayi ya sa ba kya son warin? Ki gyara ruwan da dare, kafin safe warin ya ragu. Kulorin a awon da aka faɗa ba ya cutar da ke ko cikin. In ya gagara, ki tafasa ruwan ya yi ɓararraka na minti ɗaya. Tafasawa tana kashe har wasu ƙwayoyin gudawa masu taurin kai da kulorin ba ya iya wa.

Maigida da uwar miji, ga naku

Maigida, kuɗin maganin ruwa na wata guda bai kai kuɗin motar kai mara lafiya Birnin Kebbi ba. Ka tanade shi kafin damina, ka gyara bakin rijiya, ka nisanta masai daga gare ta. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, bai kamata mai tsohon ciki ta ɗauka ba. Inna, idan an sauka lafiya, jariri nono zalla yake bukata har wata shida. Ko ruwan da aka sa wa magani ba a ba shi.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan mai ciki ta fara gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, a haɗa mata ruwan gishiri da sukari na fakiti da ruwan da aka gyara, tana sha ana tafiya. Idan idanunta sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko ga zazzaɓi, ko jini, ko motsin ɗa ya ragu, kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara, a kawo ta a ranar. A zuwanki awo na gaba, ki zo da maganin ruwan da kike amfani da shi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya girman jarkarki, ta nuna miki awon da ya dace. Allah ya raba lafiya.