Gardamar Magani Kyauta a Birtaniya

Ran 5 ga watan Yuli, 1948, mutanen ƙasar Birtaniya suka wayi gari da wani sabon tsari. Daga wannan rana duk wanda ciwo ya kama, attajiri ne ko matsiyaci, yana iya zuwa wurin likita a duba shi, a kwantar da shi asibiti in ta kama, a yi masa aiki, ya koma gida ba a tambaye shi ko kwabo ba. Tsarin nan shi ne Hukumar Kiwon Lafiya ta Ƙasa, wadda a ke kira NHS a taƙaice, tana nan kuwa har yau. Mutane da yawa su kan zaci alheri ne kawai Gwamnati ta ga dama ta yi wa talakawanta. Ba haka abin ya ke ba. Sai da aka sha gardama mai zafi kafin a kafa ta, gardamar kuma ba ta mutu ba bayan an kafa. Tushenta tambaya ce guda: tun da ya ke magani ba ya samuwa sai da kuɗi, wa zai biya, kuma yaushe?

YADDA A KE CIKI KAFIN 1948

Gwamnatin Birtaniya ta daɗe da sa hannu cikin sha'anin lafiya. A 1911 Lloyd George, Ministan Kuɗi na lokacin, ya kawo dokar inshora ta ma'aikata. Bisa ga dokar, kowane mako a kan cire wa ma'aikaci namiji kwabo 4 daga ladansa, mai gidansa ya ba da kwabo 3, Gwamnati ta ƙara kwabo 2. Da wannan kuɗi ma'aikaci ya ke samun likitan unguwa da ɗan abin kashewa in ciwo ya kwantar da shi.

To, amma dokar ta bar manyan giɓi biyu. Na fari, ma'aikacin kaɗai ta sani, ba ruwanta da matarsa da 'ya'yansa. Na biyu, ba ta haɗa da kwanciya asibiti ba. Asibitoci kuwa iri biyu ne: waɗansu na sadaka, waɗanda ke rayuwa da taimakon masu hali da ɗan abin da majinyata ke biya, waɗansu kuma na hukumomin gari, waɗanda da yawansu asalinsu gidajen ajiye gajiyayyu ne. Gari mai arziki ya kan sami asibiti mai kyau da likitoci birjik, garin talakawa kuwa sai abin da ya samu. Saboda haka uwa ta kan yi ta jinkirin kiran likita, yaro na zazzaɓi, tana lissafin sulallan da za a nema. Ita kanta ba ta ma sa kanta cikin lissafi.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen 1942, wani masani mai suna William Beveridge ya miƙa wa Gwamnati rahoto. Ya ce akwai ƙattai biyar da suka tare wa jama'a hanya, watau talauci, da cuta, da jahilci, da ƙazantar muhalli, da zaman banza. Ya ba da shawara a kafa tsarin magani wanda zai game kowa. Rahoton Gwamnati ba abin da a ke rububi ba ne, amma wannan sai da aka sayar da fiye da kwafi 600,000. A 1944 Gwamnatin haɗin gwiwa ta Winston Churchill ta fitar da takardar manufa ta yarda da ainihin shawarar. Ashe ke nan manyan jam'iyyu ba su saɓa a kan cewa Gwamnati na da hakki cikin lafiyar jama'a ba. Inda aka rabu shi ne iyakar wannan hakki.

BEVAN DA LIKITOCI

A zaɓen Yuli na 1945 jam'iyyar Leba ta ci, Clement Attlee ya zama Firayim Minista, ya naɗa Aneurin Bevan Ministan Lafiya. Bevan ɗan garin Tredegar ne a kudancin Wales, ya shiga ramin haƙar kwal tun yana da shekara 13, ciwon huhu irin na masu haƙar kwal ne kuma ya kashe mahaifinsa. A garinsu akwai wata ƙungiya ta taimakon juna: ma'aikata na zuba 'yan kwabbai kowane mako, ƙungiya ta ɗauki likitoci ta biya su, har ya zama kusan dukan mutanen garin suna samun magani ba tare da sun biya a ranar ciwo ba. Abin da Bevan ya gani a garinsu shi ya so ya shimfiɗa wa ƙasa duka.

Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Ranar da mutum ya kwanta ciwo ita ce ranar da ya fi kowace rana rashin kuɗi, domin aiki ya tsaya. Neman kuɗi gare shi a wannan rana daidai ya ke da hana shi magani. Gara a karɓa tun yana da lafiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta hanyar haraji, sa'an nan a ba da magani gwargwadon bukata. Ya kuma ƙi a raba jama'a kashi biyu, masu biya da waɗanda a ke yi wa sadaka, domin ya san abin da aka keɓe wa talaka kaɗai ba ya daɗewa bai lalace ba.

Dokarsa ta 1946 ta wuce abin da takardar 1944 ta tanada. Ta karɓe asibitoci fiye da 2,600 na Ingila da Wales, na sadaka da na hukumomin gari, ta mai da su hannun Gwamnati. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba ko a cikin jam'iyyarsa. Herbert Morrison, wanda ya taɓa shugabantar majalisar birnin Landan, ya yi jayayya a Majalisar Ministoci, ya ce ƙwace asibitoci daga hukumomin gari zai raunana su. Jam'iyyar 'yan mazan jiya kuwa ta jefa ƙuri'ar ƙin dokar a Majalisa, tana cewa za a kashe asibitocin sadaka, a kuma tauye wa likita da majinyaci 'yancinsu.

Amma babban dutsen da Bevan ya ci karo da shi Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ce. Ba daidai ba ne a ce kwaɗayi kaɗai ya motsa su, ko da ya ke batun aljihu na ciki. A wancan zamani likitan unguwa mai zaman kansa ne. Ya kan sayi wurin aikinsa da jerin majinyatansa daga hannun wanda ya gabace shi, in ya tsufa ya sayar, kuɗin ya zama guzurin hutunsa. Bevan ya ce majinyata ba kayan ciniki ba ne, ya hana wannan saye da sayarwa, ya ware fam miliyan 66 don biyan diyya. Abin da ya fi wannan tsorata likitoci shi ne a mai da su ma'aikatan albashi. Sun san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In Gwamnati ce ke biyan likita, su ke cewa, gobe ita za ta gaya masa inda zai zauna, da irin maganin da zai rubuta, da abin da zai faɗa ko ya yi shiru a kai. Likita kuwa amanar majinyaci ya ɗauka, ba ta ma'aikata ba. A watan Fabrairu na 1948, saura wata biyar a fara, ƙungiyar ta yi ƙuri'a tsakanin 'ya'yanta, kimanin tara cikin kowane goma suka ce ba su shiga.

Doka ta riga ta tabbata, amma doka ba ta duba majinyaci. Nan Bevan ya nuna ba taurin kai kaɗai ya iya ba. Da ma ya riga ya raba kan likitocin. Manyan ƙwararru na asibiti, waɗanda a da su ke aikin asibitocin sadaka kusan a kyauta don neman suna, ya ba su albashi mai tsoka, da ƙarin lada ga waɗanda suka yi fice, ya kuma yardar musu su ci gaba da duba masu biya daga aljihunsu a waɗansu gadaje na cikin asibitocin Gwamnati. Lord Moran, shugaban wata babbar majalisar ƙwararrun, wanda kuma shi ne likitan Churchill, ya taimaka ƙwarai wajen wannan sulhu. Daga baya an ruwaito Bevan yana cewa da zinariya ya toshe musu baki. Likitocin unguwa kuma, a watan Afrilu ya yi musu alkawari ba za a mai da su 'yan albashi ba sai da sabuwar doka ta Majalisa. Za su zauna masu zaman kansu, Gwamnati ta riƙa biyansu bisa ga yawan mutanen da suka rubuta suna wurinsu. Da haka turjiya ta karye. Kafin shekara ta ƙare fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a sun rubuta suna wurin likita.

Ya kamata a lura da wannan wuri, domin a kan manta da shi. Tsarin da a ke ba da misali da shi na Gwamnati ta riƙe kome, tun ranar farko likitocin unguwarsa 'yan kwangila ne, har yau kuwa yawancin wuraren aikinsu haka su ke.

DA LISSAFI YA ZO

Masu tsara abin sun zaci in aka yi wa jama'a magani, cuta za ta ragu, kuɗin da a ke kashewa ya tsaya wuri guda. Wannan zato bai tabbata ba. Bukatar da talauci ya danne shekara da shekaru ta fito gaba ɗaya. Tsofaffin da ke sayen tabarau a kanti bisa gwaji suka yi layi, har aka ba da fiye da miliyan 5 a shekarar farko. Masu ruɓaɓɓun haƙora suka cika wurin likitocin haƙori. Kuɗin da aka kashe ya zarce kiyasi nesa ba kusa ba.

A 1951 aka shiga matsi, domin yaƙin Koriya ya sa Gwamnati ta ƙara kuɗin makamai. Ministan Kuɗi Hugh Gaitskell ya sa majinyata su riƙa biyan wani kaso na kuɗin tabarau da haƙoran roba. Abin da za a tara kaɗan ne in an gwada shi da kasafin ƙasa, amma Bevan ya ce ba yawan kuɗin ba ne, ƙofar da aka buɗe ce. Ya ajiye muƙaminsa na minista a watan Afrilu, Harold Wilson ya bi shi. A 1952, bayan Churchill ya komo mulki, aka sa sule guda a kan kowace takardar magani. (Ikon sa wannan kuɗi, Gwamnatin Leba ce ta sa shi cikin doka tun 1949, ba ta dai yi aiki da shi ba.) Wilson ya soke shi a 1965 sa'ad da ya ke Firayim Minista, a 1968 rashin kuɗi ya tilasta wa Gwamnatinsa ta mai da shi. Wales ta soke shi a 2007, Ireland ta Arewa a 2010, Scotland a 2011. A Ingila ana biya har yanzu, sai dai an ɗauke wa yara da tsofaffi da masu ciki da masu ƙaramin ƙarfi.

Gwamnatin 'yan mazan jiya ta kafa kwamiti a 1953, a ƙarƙashin wani masanin tattalin arziki mai suna Guillebaud, ya binciko inda a ke almubazzaranci. Da rahoto ya fito a 1956, sai ya ce bai ga ɓarnar da a ke faɗa ba. In an auna da arzikin ƙasa ma, rabon da lafiya ke ci raguwa ya yi, abin da ke bukatar ƙarin kuɗi kuwa ginin asibitoci ne. Tun daga nan ba wata babbar jam'iyya da ta sake neman rushe tsarin a fili. Gardama ta koma kan yadda za a tafiyar da shi, da ko a bar kamfanoni su yi wani sashe na aikin da kuɗin Gwamnati.

Masu sukar tsarin ba su rasa abin faɗa ba. Inda ba a tace mutane da kuɗi, a kan tace su da jira. A 2023 jerin masu jiran a yi musu aiki ko a duba su a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. Jama'a sun ƙara tsawon rai, tsufa kuwa da cututtukansa ya ke zuwa, sababbin magunguna kuma tsada gare su. Mai hali ya kan tsallake layi ya tafi asibitin kuɗi, talaka ya jira.

INDA ABIN YA SHAFI NIJERIYA

Nijeriya ba ta bi hanyar Bevan ba, ta fi kusa da ta Lloyd George. An yi dokar inshorar lafiya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma yawanci ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta amfana, domin su ne a ke iya cire wa kuɗi daga albashi. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su da takardar albashin da za a yanka. Dokar lafiya ta 2014 ta umurci a keɓe abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya ba don ƙananan asibitoci da magani na farko. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don biya wa gajiyayyu. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa wajen magani a ƙasar daga aljihun majinyaci da danginsa ya ke fitowa, a ranar ciwo. Likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Nijeriya dubbai kuwa suna aiki yau a asibitocin da Bevan ya karɓe a 1948.