Asbesto a gine-ginen ƙasar Daura

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga cikin dutse, wanda idan aka farfasa shi yake rabuwa zuwa siraran zaruruwa. Ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa, shi ya sa aka daɗe ana cuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi, da allon silin, da bututun ruwa. A ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango na Jihar Katsina, an fi cin karo da shi a rufi da silin na tsofaffin makarantu, asibitoci, ofisoshi da gidajen ma'aikata. Da yake ana zaune a cikin irin waɗannan gine-gine har yau, kula da asbeston da ke jikinsu ya zama batun lafiyar jama'a. Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce: asbeston da bai lalace ba a bar shi inda yake, a rubuta wurinsa, a riƙa duba shi, kuma a hana kowa taɓa shi ba bisa tsari ba.

Yadda ya shigo

Ginin gargajiya na Daura bai san asbesto ba. Tubali ne da azara da makuba, a yi rufin soro ko a yi jinka da ciyawa. Asbesto ya biyo ginin zamani ne. Wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek shi ya ƙirƙiro hanyar haɗa shi da siminti a wajajen shekarar 1900, ya sa wa kayan suna Eternit. A Najeriya an kafa kamfanin da ya zama Nigerite a Legas a 1959, sai Emenite a Inugu, daga baya kuma aka samu Giwarite a Kano, wanda shi ne mafi kusa da kasuwannin Katsina da Daura.

Kayan sun samu karɓuwa sosai a shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta yi ta gine-gine, musamman bayan ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976. Dalilin karɓuwar a fili yake ga duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Daura: kwanon asbesto ba ya ɗaukar zafi kamar na ƙarfe, kuma ba ya ƙara idan ana ruwa. Har yau magina da kafintoci kan kira kowane farin allon silin mai tauri da suna asbesto, ko da kuwa sabon ƙira ne da babu ma'adinin a cikinsa. Wannan yana kawo ruɗani, domin ido ba ya iya bambance su. Sai an gutsuri ɗan kaɗan an kai ɗakin gwaje-gwaje an duba da madubin ƙara girma. Inda babu halin gwaji, abin da ya fi shi ne a ɗauka cewa allon tsohon gini yana da asbesto.

Illarsa ga lafiya

Nau'in asbesto shida ne, amma uku aka fi sani: fari, shuɗi da ruwan ƙasa. Farin shi ne aka fi yin kwano da silin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dukkansu suna haddasa ciwon daji, har da farin, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar asbesto a wurin aiki.

Hanyar cutarwarsa ta numfashi ce. Zaruruwan sun fi gashin mutum sirantaka nesa ba kusa ba, ba su da wari, ba sa sa tari nan take, kuma suna iya daɗewa suna shawagi a iskar ɗaki. Idan suka shiga huhu sai su maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da su gaba ɗaya. Daga nan ake samun asbestosis, wato tabon da ke sa huhu ya yi tauri, da ciwon dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ƙwan mace, da kuma mesoteliyoma, ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu ko ciki. Wani likita mai suna J. C. Wagner ne ya nuna alaƙar mesoteliyoma da shuɗin asbesto a 1960, a yankin ma'adinai na Afirka ta Kudu, kuma cikin marasa lafiyarsa har da waɗanda ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, zama kawai suka yi kusa da ita.

Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana. Kafintan da ya yanka silin yana saurayi sai ya tsufa yake fara haki. Alamomin kuma, wato tari, rama da ciwon ƙirji, sun yi kama da na tarin fuka, don haka yana da kyau tsohon magini ya gaya wa likita irin aikin da ya yi. Shan taba yana ninka haɗarin ciwon dajin huhu ga wanda ya shaƙi asbesto. Shan ruwan saman da aka tara daga irin wannan rufin kuwa, hukumar ba ta samu tabbatacciyar hujjar cewa yana cutarwa ba.

Dalilin barin sa a wurinsa

A kwano da silin, asbesto kashi 10 zuwa 15 ne kawai cikin ɗari, kuma siminti ya ɗaure shi. Muddin allon yana nan lafiya, abin da yake saki cikin iska kaɗan ne ƙwarai. Ƙurar tana tashi ne idan aka fasa shi, ko aka huda, ko aka yanka da zarto ko injin yanka, ko aka goge shi da burushin ƙarfe. Saboda haka shugaban makarantar da ya ji labarin illar asbesto ya kira lebura su ɓaɓɓalle silin da guduma ya jefa ɗalibansa cikin haɗarin da ya fi na da.

Ƙasashen da suka haramta asbesto ma ba su kwashe shi daga tsofaffin gine-gine ba. Birtaniya ta haramta shi a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Amma dokar Birtaniya ta 2012 abin da ta ɗora wa mai kula da gini shi ne ya nemo inda asbesto yake, ya ajiye rajistarsa, ya sanar da duk wanda zai yi gyara. Dokar makarantu ta Amurka ta 1986 ta ce a riƙa zagayen dubawa duk wata shida, a yi cikakken bincike duk shekara uku. Babu abin da ke da tsada a cikin wannan tsari. Littafi ɗaya a ofishin hedimasta, mai nuna ajin da ke da tsohon silin da halin da yake ciki, ya isa a fara da shi.

Lokutan haɗari

Yanayin Daura yana da lokuta biyu da ke gwada tsohon rufi. Na farko shi ne farkon damina, wajajen Mayu da Yuni, lokacin da iska mai ƙarfi ke kwashe kwano. Tsohon kwanon asbesto ba ya lanƙwasa kamar na ƙarfe, farfashewa yake yi, ɓaraguzan su watsu a tsakar gida ko filin makaranta. Na biyu shi ne yoyo. Ruwa yana jiƙa silin, ya yi ciki, ya bushe da hunturu, ya tsage, a ƙarshe ya rufto. Toshe yoyo da wuri shi ne mafi arhar kariya. Allon da ya ɗan tsage ana iya shafa masa fenti mai kauri ba tare da an kankare shi ba, ko a rufe shi ta ƙasa da wani sabon silin, in dai ba za a huda tsohon ba.

Idan allo ya faɗo, a fitar da mutane daga ɗakin, a kashe fanka, a rufe ƙofa. Kada a sa tsintsiya, kuma kada a sa ɗalibai su share, duk da cewa shara aikinsu ne na kullum. A yayyafa ruwa mai ɗan sabulu a hankali har ɓaraguzan su jiƙe, a kwashe da hannu mai safa, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka har tsumman a leda mai kauri ninki biyu a ɗaure.

Cirewa da zubarwa

Idan lalacewar ta yi yawa, ko za a sake rufin baki ɗaya, sai a cire. A makaranta lokacin hutu ya fi dacewa. Ana jiƙa allon, a kwance ƙusoshi ko a datse kansu, a sauko da shi ɗungurungum ba a jefo shi ba. Tsohon kwanon asbesto yana burmawa da mutum, don haka sai an shimfiɗa katako kafin a taka. Rawani ko takunkumin tsumma ba sa tare zaruruwan. Wanda ke tarewa shi ne mai lambar FFP3 ko P100 da ya zauna daidai a fuska. Kayan aikin ma kada a kai su gida. An sha samun mata a ƙasashe daban-daban da suka kamu da mesoteliyoma ta hanyar kakkaɓewa da wanke tufafin mazajensu.

Zubarwa ce ta fi wuya. A ƙasar da ba a yar da abin da zai yi amfani, tsohon kwano kan koma rumfa, ko akurkin kaji, ko turken awaki, ɓaraguzai kuma a yi cikon hanya da su, inda babura za su yi ta niƙa su suna zama ƙura. Ƙonawa ba ta kashe asbesto, sai ma ta sa allon ya tarwatse. Abin da ake yi shi ne a naɗe shi a leda, a rubuta abin da ke ciki, a binne a rami mai zurfi a wurin da hukuma ta ware, nesa da gona da hanyar ruwa, kuma a yi wa wurin alama don kada a haƙa shi nan gaba. A matakin tarayya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan bin dokokin muhalli. A matakin ƙaramar hukuma kuwa, jami'an duba-gari su ne na farko da ya kamata a tuntuɓa kafin a fara aikin.