Jarrabawa Ta Riga Darasi: Kwamfuta da Ɗaliban Ƙasar Jahun

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'o'i da sauran manyan makarantun Nijeriya, ta ajiye takarda da fensir ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, bayan ta shekara biyu tana gwada al'amarin ga wanda ya so, wata mas'ala ta sauka a zauren kowane magidanci na ƙasar Jahun, ko ya farga ko bai farga ba: ɗansa ba zai taka dandamalin jami'a ba, komai kaifin basirarsa da yawan haddarsa, sai ya zauna gaban na'ura ya amsa mata tambayoyi da yatsunsa. Abin mamaki kuwa, a daidai wannan zamani ne jami'a ta matso kusa da mu fiye da yadda kakanninmu suka taɓa zato, domin an kafa ta Tarayya a Dutse a 2011, ta jiha kuma a Kafin Hausa, maƙwabciyar Jahun, a 2013. Gini ya zo kusa, amma an sa wa ƙofarsa makullin da yawancin 'ya'yan talakawa ba su taɓa riƙe irinsa ba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan jarrabawa take, don kada ya ɗauka ƙaramin abu ake kuka da shi. Tambayoyi 180 ne cikin fannoni huɗu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran ukun, an kuwa ba su sa'a biyu cur, wato idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa arba'in ce rabonta. Agogo yana nan a fuskar na'urar yana cin lokaci, ba ya sauraron uzurin kowa. To, a ƙaddara yarinya ce daga Harbo ko Aujara, wadda ta yi asubanci ta shiga mota zuwa cibiyar da aka tura ta, aka ɗauki hoton yatsanta a bakin ƙofa, aka nuna mata kujera a cikin babban ɗaki cike da baƙin fuskoki. Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ta motsa shi kaɗan, sai 'yar kibiyar ta zabura ta ɓace mata a gefe. Ta ɗaga shi sama tana juyawa, kibiya ta ƙi motsi. Gumi ya keto mata, tana jin kunyar ɗaga hannu ta tambaya, alhali kuwa na kusa da ita, ɗan birni wanda ya tashi da irin wannan na'ura a ɗakin mahaifinsa, ya riga ya wuce tambaya ta goma. Amsar tana kanta, hanyar fitar da ita ce ta gagara. Gaskiya ne hukumar ta yi ƙoƙarin sauƙaƙawa, ta ware 'yan maɓallai waɗanda ɗalibi zai iya gama jarrabawar da su ba tare da linzami ba, ta kuma fito da jarrabawar gwaji tun 2017; amma fargabar abin da ba a saba da shi ba, ba ta gushewa da bayanin minti biyar.

Jiharmu ta Jigawa ba ta makara ba a wannan sha'ani, kuma adalci ne a faɗi haka. Jihar da aka ɓalle daga Kano a watan Agusta na 1991 tana cikin na farkon da suka ɗaga murya kan fasahar sadarwa a Arewa, a zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar wata cibiya ta ƙasar Singafo, a lokacin da wayar salula ma ba ta daɗe da shigowa ƙasar nan ba, har mutane suna yi wa abin dariya suna cewa ina manomin gero ina intanet. Mutumin da aka naɗa a 2019 ya shugabanci hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, wato Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya ne. Saboda haka babu mai hujjar cewa ƙwaƙwalwar mutanen wannan yanki ba ta ɗaukar irin wannan ilmi. Aibin da nake gani shi ne an faro ginin daga sama: aka tanadar wa wanda ya riga ya gama sakandare, aka bar firamare da ƙaramar sakandare ta ƙauye, inda hannun yaro yake da taushi, sai abin da hali ya yi.

Magabatanmu, Allah Ya jiƙansu, sun fi mu fahimtar wannan fage. Almajirin tsangaya allonsa nasa ne, shi yake wanke shi, shi yake feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawadarsa, ya rubuta da safe ya biya da dare a gindin wuta, har itacen ya yi sulɓi saboda yawan riƙo; ba a taɓa jin malamin da ya kulle alluna a ɗaka don gudun kada su tsufa ba, sa'an nan ya zana wa almajirai siffar allo a ƙasa ya ce su haddace sunayen sassansa. Amma haka ake koyar da kwamfuta a makarantu da dama na karkararmu. Malami ya zana ta da alli a jikin bango, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe da Turanci, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawar zango da maki mai kyau. Inda aka yi sa'a akwai ɗakin na'urori, sau da yawa za ka tarar da kwaɗo a ƙofar, makulli yana aljihun shugaban makaranta, wanda ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada wata ta lalace a tuhume shi; in an buɗe maka, ka ga an lulluɓe su da zane, ƙurar hunturu ta yi musu rawani, zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya, injin bayar da wuta kuma yana can lungu babu mai.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. Shirin nan na ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte na Amurka ya ƙaddamar a 2005, an gwada shi a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, aka yi ta ɗaukar hotuna, daga baya maganar ta lafa, domin rabon na'ura na rana ɗaya ne, wuta da gyara da horar da malami kuwa na kullum ne.

Ƙasar Jahun tana da nata ƙarin nauyin, wanda mai tsara manufa daga Abuja ba lalle ya tuna da shi ba. Ƙasa ce ta fadama, mai albarkar shinkafa da kifi da noman rani, amma idan damina ta yi ƙarfi, ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa ya haɗu da kachalar da ta toshe hanyoyin kogin Haɗejiya, sai ambaliya ta ci gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, azuzuwa kuma su zama mafakar waɗanda ruwa ya kora. Duk wanda zai ajiye na'ura a irin wannan wuri wajibi ne ya yi tunanin tudu da rufi mai kyau kafin ya yi tunanin kamfanin da ya ƙera ta. A ɗaya gefen kuma Allah Ya hore mana rana wadda ba ta yankewa, kuma ga farantan sola nan a kan rumfunan masu cajin waya a kasuwanninmu, suna aiki ba fashi. Abin da ɗan kasuwa ya iya da jarinsa na 'yan dubbai, ban ga uzurin da zai hana hukuma yin sa a makaranta ba.

Wani zai ce ai yaran yanzu duk sun iya waya. Lalle sun iya, amma shafa fuskar waya don kallon hoto daban yake da zama a rubuta shafi guda, ko a lissafa, ko a bincika mas'ala a tantance sahihi daga ƙarya. Ga shi kuma wayar ta fi zama a hannun samari, 'yan mata sai aro. Wannan kuwa abin dubawa ne a Jahun, garin da yake da makarantar koyon aikin lafiya, da babban asibitin da ƙungiyar likitocin MSF take kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008, inda buƙatar ungozomomi da ma'aikatan jinya mata 'yan ƙasa ba ta ɓoyu ga kowa ba. Iyayen da suke tsoron abin da na'ura za ta shigo da shi na ɓata tarbiyya, tsoronsu yana kan hanya, ba na raina shi; sai dai na'urar da ake koyo da ita a aji, a gaban malami, ta fi aminci nesa ba kusa ba a kan wadda yaro zai koya a ɓoye a bayan gari.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Hukumar da ta shar'anta kwamfuta a ƙofar jami'a ta ɗora wa kanta, da jiha da ƙaramar hukuma, nauyin kai ta aji. In ba haka ba kuwa, ana auna gidan da yaro ya fito ne, ba abin da ya sani ba. Al'amarin kuma ƙaruwa yake yi, domin hukumar WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta a 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta bayyana niyyar mayar da jarrabawar kammala sakandare kan wannan tafarki.

Saboda haka ina kira ga hakimai da dagatai, da kwamitocin iyaye da malamai, da 'yan bokon Jahun mazauna Dutse da Kano da Abuja, waɗanda tsofaffin kwamfutoci suke jibge a ofisoshinsu: ku je makarantar garinku ku tambaya ko akwai ɗakin na'ura, in akwai a buɗe shi, a sa masa sola, a ɗauke wa shugaban makaranta tsoron tuhuma, a tabbatar kowane ɗalibi, mace da namiji, yana zama gabanta sa'a ɗaya a mako tun daga ajin farko na sakandare.